Waƙar Mahaifina da Takardar Alƙali

Mahaifina manomi ne, kuma mawaƙin gayya. A ƙauyenmu, tsakanin Dayi da Malumfashi, duk wanda zai kira gayya don a yi masa huɗa sai ya fara zuwa zaurenmu ya ji ranar da Baba ke da sarari, kafin ya sa a surfa geron fura. Wannan tun Turawa ba su shigo ƙasar ba, zamanin da ba a yin gona nesa da ganuwa saboda tsoron hari.

Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Yayana shi ke buga masa gangar noma. Hannunsa da daɗi ƙwarai, sai dai Allah bai ba shi haɗa magana ba, bai taɓa ƙago ko baiti ɗaya ba. Ni kuwa karatu aka kai ni. Duk shekarun da na yi ina neman ilimi, Yaya ne ya riƙa noma rabona na gandu, bai taɓa yi mini gori ba. Da na dawo na yi aure, sai alƙalin yankinmu, wani tsoho mai sanyin magana, ya ɗauke ni ina rubuta masa takardu.

Waƙoƙin Baba na da yawa, amma akwai guda da ta fi sauran fita. Amshinta shi ne:

Garma ba ta san ɗan wane ba,
Wanda ya duƙa shi ke tashi da dami.

Idan maza suka jera a bakin gona, Baba zai bi bayansu yana jefa baiti, yana kiran kowa da halinsa, ya zuga jarumi, ya tsokani rago. Su kuma su amsa da baki ɗaya, garemani na sauka tare. A ƙarshe sai ya ambaci sunansa da na garinmu, kamar yadda mawaƙa ke yi. Ba a daɗe ba waƙar ta bar gona ta shiga gida. Mata na yin ta a bakin dutsen niƙa, masu jan ruwa na yin ta a rijiya. Baba in ya ji sai dai ya yi murmushi, wani lokaci ya gyara wa mutum baitin da ya karya.

Wata damina sai kiran gayya ya ragu. Mutanen da suka saba aiko masa daga wajen Bakori da Mahuta suka yi shiru. Ran wata kasuwar Bakori Baba ya je sayen ƙarfen garma, sai ya tarar da taro a gindin wata tsamiya, wani mawaƙi dogo na rera waƙarsa tiryan-tiryan. Da ya zo ƙarshe, inda sunan Baba yake, sai ya sa nasa. Baba ya tsaya yana bin baitocin a hankali da bakinsa. Wani mai gishiri da ke kusa ya dube shi ya ce, "Kai ma ka iya ta? Ai kowa kwaikwayonsa yake yi yanzu. Har wani tsoho aka ce yana can wajen Dayi yana cin abinci da ita."

Baba ya dawo gida ko ƙarfen bai saya ba. Kwana uku bai taɓa zancen ba. A na huɗu ya kira ni ya ce, "Malam, ka gaya wa alƙali ina da ƙara."

Ranar da aka zauna, zauren ya cika, har da waɗanda suka zo dariya, don ba a taɓa jin an kai ƙarar satar waƙa ba. Alƙali ya saurari kowa, sannan ya ce, "Na duba littattafaina. Na ga babin saniya, na ga babin gona, na ga babin rijiya, ban ga babin waƙa ba. Kuma kun sani mu malamai ba ma son a jawo mu cikin sha'anin ganga. Amma ƙarya ƙarya ce ko a ina aka yi ta, cin gumin wani kuma zalunci ne."

Ya juya ga dogon mawaƙin ya ce, "A cikin waƙar nan an ambaci kukar da ta durƙusa ba ta mutu ba. Ina take?"

Mutumin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai salon magana ne."

Baba ya ce, "Tana arewa da garinmu, a bakin gonar Sarkin Noma. Iska ta kayar da ita, ta ci gaba da 'ya'ya a kwance. Ko yanzu a aika a gani."

Mutum fiye da goma suka shaida kukar. Dogon ya sunkuyar da kai.

Ni na rubuta hukuncin, alƙali na faɗa ina bi da alƙalami. Duk mawaƙin da zai rera waƙar nan a gayya don a ba shi wani abu, sai ya nemi izinin mai ita, kuma ya ambaci sunansa. Yaya, da ke zaune bayan Baba, ya ce, "To masu yin ta a gida da rijiya fa?"

Alƙali ya ce, "Waɗannan ba ruwan kowa da su. Ba abincinsa suke ci ba, ɗaukaka shi suke yi." Ya dube ni ya ce, "Rubuta wannan ma. Kuma ka rubuta: muddin yana raye. In ya rasu ta zama ta jama'a, sunansa kaɗai za a ci gaba da ambata. Abin da nake nufi shi ne mai basira ya ci guminsa, ya samu ƙarfin zuciyar yin wata. Wanda ya mutu ba ya yin sabuwar waƙa."

Har yau ban ga aibin wannan hukunci ba. Gayya ta dawo wa Baba, rumbunmu ya cika, kuma cikin shekarun da suka rage masa ya yi waƙoƙi fiye da na da. Mawaƙa kan zo daga nesa su gaishe shi da goro su nemi izini, bai taɓa hana kowa ba. Shi kansa dogon ya dawo ya ba da haƙuri, suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Baba ya rasu da kaka, ana cikin yankan dawa. Alƙali bai yi shekara ba ya bi shi. Mai garinmu ma ya tsufa ya sauka, ɗansa ya hau.

Da bazara, wata rana bayan la'asar, Yaya ya shigo zaurena da takardar. Gara ta ci gefenta. Ya ce in sake kwafe ta kafin ta lalace. Na ɗauko tawada na fere alƙalami. Sai ya matso ya ce, "Malam, in ka zo wurin da aka ce muddin yana raye, ka cire wannan layin, ka sa 'shi da zuriyarsa' a madadinsa."

Na ce, "Yaya, ai ba haka alƙali ya faɗa ba."

Ya ce, "Alƙali ya san Baba zai bar ni da ganga babu murya? Shekara nawa ina bin bayansa cikin rana? Kai kana da alƙalami, ni me nake da shi? Dubi yaran da ke gidana."

Gaskiya ne gidansa cike yake da yara, kuma tun rasuwar Baba ba wanda ya kira shi gayya, don ba a kiran ganga ba mawaƙi. Na tuna kunyoyin da ya huɗa mini ina can ina karatu. Na ce a raina, kalma uku ce, kuma mawaƙa kaɗai za ta shafa. Na rubuta. Da na iso layin da ya keɓe masu yi a gida da rijiya, sai na ga nan ne gara ta fi ci. Yaya ya ce, "Abin da ba ya karantuwa ai ba a kwafe shi." Na san layin da ka, ni na rubuta shi da hannuna. Amma na tsallake.

Yaya ya kai sabuwar takarda ga sabon mai gari, ya yi masa alkawarin kaso daga duk abin da aka samu. Mai gari ya amince, ya ba shi dogari guda.

Da farko abin bai wuce mawaƙa ba. Wanda zai yi waƙar a gayya sai ya aiko wa Yaya da dami. Suka yi gunaguni, amma suka bayar. Damina ta biyu Yaya ya ce ba baitoci kaɗai Baba ya bari ba, har da karin waƙar, wato yadda muryar ke hawa da sauka. Akwai wani magidanci daga Mahuta da ya ɗora sababbin kalmomi a kan karin, ya yi waƙa mai daɗi a kan tsinkar auduga, har yana yabon Baba a ciki. Aka kira shi gaban mai gari, aka ƙwace gangarsa. Ya ce, "Da mai waƙar na nan da rai, da shi zai fara yi mini amshi." Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar Zazzau.

Daga nan sai aka ce ko babu mawaƙi, in manoma suka yi amshin da bakinsu a gayya, mai gona ne zai biya. Masu gona suka shiga gargaɗin mutane tun da safe: kowa ya kama bakinsa. Na taɓa tsayawa a gefen wata gayya na ga wani dattijo ya ɗauko amshin bai sani ba, na kusa da shi ya zungure shi da ƙotar garma, ya haɗiye sauran.

Wasu ma suka gani suka yi sha'awa. Wani makaɗi ya zo in rubuta masa cewa wani salon kiɗa na gidansu ne tun kakanni. Wani masaƙi ya zo a kan wani zanen saƙi. Na kori wasu, na rubuta wa wasu, don ban san da wane baki zan hana su abin da na yi wa ɗan'uwana ba.

Akwai wata tsohuwa mai daddawa a bakin rafi, bayan ganuwa. Tun tana yarinya aka kamo ta daga duwatsun kudu, ta yi bauta a rinjin wani attajiri, da zai mutu ya 'yanta ta. Ba ta da kowa. Kowa Iya yake ce mata. Wata rana dogarin ya bi ta bayan danganta ya ji tana dakan kalwa tana rera karin waƙar ƙasa-ƙasa, babu ko kalma. Ya kai wa Yaya. Ina jin da Yaya ya san abin da zai biyo baya da ya bar ta, amma a lokacin yana ganin in ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, kowa zai bi.

Aka kawo ta ƙofar mai gari da hantsi, tana dogara sanda. Ni ma aka kira ni da gafakata. Da aka faɗa mata laifinta sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san takarda ba. Amma wannan kari da shi uwata ke lallashina a goye, kafin a raba mu."

Yaya ya ce, "Iya, kada tsufa ya sa ki faɗi abin da ba haka ba."

Ba ta kula shi ba. Ta jingina da sandarta ta fara rerawa da yaren garinsu, wanda ba mai jin sa a cikinmu. Muryarta na rawa, numfashinta na yankewa, amma ba wanda ya yi shakka. Karin ne, da hawansa da saukarsa, har wurin da ake ɗan tsayawa kafin amshi. Sai dai nata a hankali yake tafiya, ba irin na masu huɗa ba.

Da ta gama ta dubi Yaya ta ce, "Ubanka ya same ni a rafi ina wankin kalwa ina yin sa. Ya tsaya har na gama, ya ce, Iya, ki ba ni aron wannan in ɗora masa maganar noma. Na ce ɗauka, ai ba ya ƙarewa. Tun daga ranar, kowace kaka sai ya aiko mini da dami har ya rasu."

Na san da damin. Ni kaina na sha ganin ana fita da shi daga gidanmu, na ɗauka sadaka ce. Tun rasuwar Baba kuwa ba wanda ya sake kai mata.

Yaya ya ce, "Ko da haka ne, lokacin baiwa ce. Baiwa ba ta mallakar komai."

Mai gari ya ga abin na neman kwaɓewa, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ka rubuta a gaban marigayi alƙali. Me takarda ta ce?"

Da a ce zan faɗi gaskiya, ranar ce. Jama'a na nan, tsohuwar na tsaye, akwai ma dattawa biyu da suka halarci shari'ar farko, waɗanda da na fara da sun tuna. Na buɗe takardar, na ga kalmomin nan uku da hannuna. Na karanta su da ƙarfi kamar yadda suke, shi da zuriyarsa. Mai gari ya ce, "An keɓe wani?" Na ce, "Ba a rubuta ba."

Ya yanke cewa ba za a karɓi komai daga gare ta ba saboda tsufanta, amma kada a sake jin karin a bakinta inda wani zai ji. Ta ce, "To." Ta juya ta tafi, ba wanda ya raka ta.

Washegari na sami Yaya a gona na ce masa zan koma in faɗi abin da muka yi. Ya dafa ƙotar fartanyarsa ya ce, "Je ka. Ka ce kai, marubucin alƙali, ka sauya hukunci bayan ransa, ka kuma karanta shi gaban jama'a. Ka ga wanda zai ƙara yarda da takardar gado ko ta aure da ta fito daga hannunka." Ba da fushi ya faɗa ba. Na koma gida, ban je ko'ina ba.

Da kaka na ɗauki damin dawa a kaina na kai wa tsohuwar. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta sa na jingine damin a jikin rumbunta. Ta dube ni ta ce, "Ubanku mutum ne." Na roƙe ta ta sake rera mini na uwarta ko sau ɗaya, mu biyu kaɗai. Ta ce ai an hana. Kafin wata kakar ta rasu.

Gayya ba ta mutu ba, ana yin ta har gobe, da wasu waƙoƙin. Amma mawaƙa suka guji duk abin da ya yi kama da na Baba, har waɗanda takardar ba ta ambata ba, don ba wanda ke son a kira shi ƙofar mai gari. Mata suka sami abin yi a bakin niƙa. Yaran da aka haifa bayan haka suka tashi ba su taɓa jin ta ba. Damin da Yaya ke samu ya yi ta raguwa har ya ƙare, tunda ba mai yin waƙar balle ya biya. Da ya ga haka sai ya gwada yin ta da kansa. Na je na ji. Ya buga gangar yadda ya saba, amma muryar ba ta ɗauka ba, ya kuma manta baitoci da dama, manoma kuwa suka yi ta kallon juna, ba su san ko an yarda su amsa ba. Bai sake gwadawa ba har ya koma ga Allah.

Ni ma da nake wannan magana ban riƙe ta duka ba. Takardar mallakarta na rubuta har sau biyu, amma ita waƙar ban taɓa rubuta ta ba, don a lokacin ina ganin bai dace malami ya ɓata tawada a kan waƙar ganga ba, kuma wa zai yi zaton abin da ke bakin kowa zai ɓace? Yanzu da tsufa ya zo na zauna na gwada. Na samo amshin da 'yan baitoci, sauran sun tafi. Na tambayi tsofaffin garin, kowa ya kawo guntu, wasu ma da na tambaya sai suka ce, "Malam, ba dai wata ƙarar ba ce?"

Bara babban ɗan Yaya, wanda yanzu shi ne mai gidan, ya zo mini da takardar, ta sake tsufa. Ya ce in kwafe masa, in kuma ƙara cewa duk waƙar gayyar da ta ambaci garma a amshinta daga ta kakansa aka ɗauko ta. Ya ji wai wani mawaƙi a wajen Bakori na da irin wannan.

Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga zauren alƙali har zuwa tsohuwar bakin rafi. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Baffa, ai wannan magana ta wuce, duk waɗanda suka sani sun mutu. Gado kuma gado ne."

Na ce, "Ni dai hannuna ba zai ƙara taɓa ta ba."

Ya ce, "Ba komai, Baffa, Allah ya ƙara lafiya." Ya naɗe takardarsa ya fita.

Ran kasuwar Malumfashi ya yi sammako ya tafi wurin wani malami da ke rubutu a can. Ban san abin da suka rubuta ba. Na dai gan shi ya dawo da yamma, takardar na cikin sabuwar jakar fata a rataye a kafaɗarsa. Ya biyo ta ƙofar zaurena ya yi mini sallama kamar kullum, na amsa.